Wa ya koya wa shugaban matasa aikinsa?

Na hango abokanmu Musulmi na ƙungiyoyin farar hula can baya. Maganar yau ta cikin gida ce, amma ina jin za ku ga fuskar ƙungiyoyinku a cikinta.

An ce in yi magana kan yadda shugaban matasa na majami'a zai ƙaru da sani a aikinsa. To bari mu fara da yadda muke samun shugaban. Ran Lahadi bayan sujada a ce matasa su dakata. A ɗaga hannu, ko a rarraba guntayen takardu. Wanda ya fi murya a waƙa, ko wanda ba ya fashin addu'a, ko wanda ke da moto ana aikensa ba ya ƙi, shi ke ci. Fasto ya ɗora masa hannu, a ce amin, a miƙa masa tsohon kaye da makullin akwatin sono. Shi ke nan fa, ya zama shugaba. Daga ranar, yaro ɗan shekara ashirin da ƴan kai ke riƙe da samari da ƴanmata talatin ko arba'in, kuma ba wanda ya zaunar da shi ko na yini ɗaya ya gaya masa abin da zai tarar.

Tela ba ya miƙa wa yaronsa shaddar mutane ranar da aka kawo shi shago. Sai ya yi watanni yana sa maɓalli, yana guga, yana kallon yadda ake yanka. Mai garaji ba ya barin sabon yaro ya buɗe inji shi kaɗai. Yadi da ƙarfe ke nan. Mu kuwa ƴaƴan mutane muke miƙawa.

Na san amsar da ake bayarwa, don na sha jin ta: wai aikin Allah kira ne, wanda ya kira ka zai koya maka. Ban musa kira ba. Amma ku duba labarin Afolos a cikin Ayyukan Manzanni, sura 18. Mutumin Iskandariya ne, gwanin magana, ya san Littattafai, ga himma kamar wuta. Ya zo Afisa yana wa'azi, jama'a na saurare. Sai Bilkisu da mijinta Akila, masu sana'ar ɗinkin tanti, suka ji shi, suka gane akwai abin da ya rage masa. Ba su kunyata shi gaban jama'a ba, suka ja shi gefe suka ƙara masa bayani. Abin da ke burge ni shi ne gwanin ya zauna ya saurari masu ɗinki. Shi kuwa Timoti, shekaru ya yi yana bin Bulus gari-gari kafin a bar masa ikilisiya ya riƙe. In waɗannan sun zauna an koya musu, ban ga dalilin da zai sa shugaban matasan Tsibiri ko na Dogon Dutsi ya ce shi himma ta ishe shi ba.

Ku dubi kuma wurin da muke. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Kiristoci ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba. Yaron da ke hannunka, awa biyu ko uku kake ganinsa a mako. Sauran kwanakin yana lakwal, yana fada ana dafa shayi, yana kasuwa, yana kan waya. Wani a gidansu shi kaɗai ne ke zuwa majami'a, wani kakarsa Hajiya ce kuma ita ke ciyar da shi. Abin da ya dame su kuwa, wurinka yake fara zuwa, don kunyar fasto suke ji, tsoron uba suke yi. Yarinya ta yi wata biyu ba ta ga al'adarta ba, kai ko mataimakiyarka za ta fara gaya wa. Yaro ya faɗi bak karo na biyu, ya daina fitowa daga ɗaki. Wani ya sayar da wayarsa yana haɗa kuɗin mota zuwa Agadas, daga can Jado ko Libiya. Wani idonsa ya canza, magana ta yi nauyi, kowa ya san tramol ne amma ba mai faɗa. Wace waƙa ce a littafin waƙoƙi ta shirya ka domin wannan?

In an ce koyo a ƙasar nan, abin da ke zuwa ran mutane shi ne formasiyo. Kwana uku a ɗaki mai sanyi, a ci shinkafa da nama, a karɓi kuɗin zama, a ɗauki hoto da takardar shaida a sa a Facebook. Abokanmu na ƙungiyoyi suna dariya, don sun san abin. Ban ce a daina zuwa ba, akwai masu amfani a ciki. Amma ni dai ma'aunina ɗaya ne. Ran Asabar ta farko bayan ka dawo, da ka tara matasanka, me ka yi dabam da abin da ka saba? In babu, to hutu ka je. Kuma mun san wasu da suka mai da abin sana'a: takardun shaida sun cika jaka, matasansu kuwa sun yi wata ba su gan su ba.

Akwai wani labari na ƙasar Maraɗi da ya kamata kowane mai aiki da matasa ya sani. A farkon shekarun 1980 wani ɗan mishan na SIM daga Ostireliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a nan. Ana reno a gandu, a loda a mota, a kai ƙauyuka a dasa. Yawancinsu su mutu: iska, rana, awaki. A 1983 ya lura da wani abu da ke gabansa tun farko. Ƴan tsire-tsiren nan da manoma ke sassabewa kowace shekara, ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a rage sauran, a kare su. Manoma suka karɓa, suka gyara dabarar da nasu sanin, wannan ya nuna wa wancan. Yau ana maganar wajen hekta miliyan 5 da suka sake yin itatuwa a kudancin ƙasar nan, shi kuma ya samu babbar lambar yabo a Suwidin a 2018.

Me ya kawo wannan? Da yawanmu dashe muke yi. Mu kalli bidiyon wata babbar majami'a ta Legas ko ta Amurka, mu kwaso tsarinsu da kayan kiɗansu da salon maganarsu, mu zo mu dasa a rumfar kwano inda ake ɗauke kuran sau uku kafin a tashi. Wata biyu abin ya bushe, mu ce matasan yanzu ba su da himma. Alhali makarantarka ta farko tana zaune gabanka. Ka san sunan kowane yaro da sunan wanda ke riƙonsa? Ka san wa ke aji nawa, wa ya bar lakwal, wa ke koyon walda, wa ke kwana bai ci ba? Ka taɓa zuwa gidajensu ka gaida iyaye? Ka ɗauki wata uku kana wannan zagaye, kana rubuta abin da ka gani, za ka san abin da ba a koyarwa a kowane ɗaki mai sanyi. A nan ne za ka gano cewa yarinyar nan mai shiru ta iya lissafi fiye da ma'ajinku, yaron da ake kira ɗan iska kuma shi ne wanda sauran ke jin maganarsa.

Sai koyarwa ita kanta. Wa'azi dabam, koyarwa dabam, kuma yawancinmu wa'azin fasto muke kwaikwaya mu yi wa yara na awa ɗaya da rabi. Kun tuna Aftikos, saurayin nan na Taruwasa da ya zauna a taga, Bulus ya ja magana har tsakar dare, barci ya kwashe shi ya faɗo daga bene? Manzo ne fa ke magana, amma saurayi ya yi barci. Balle ni da kai. Kusan kowace majami'a tana da malamin lakwal ko malama a cikinta, wanda aka horar da shi yadda ake shirya darasi. Ka roƙe shi ya zo ya zauna a baya ran da kake koyarwa, bayan an watse ya gaya maka gaskiya. Zai ce maka abu biyar ka so ka koyar a zama ɗaya, ba wanda ya zauna. Zai ce tambaya ɗaya ka yi, kai kuma ka amsa abinka. Zai ce ƴanmata ba su buɗe baki ba tun da aka fara. Da zafi, amma kyauta ne.

Karatu kuwa, a nan zan ɗan tsananta. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Kakanninmu a Tsibiri da Galmi da Damagaram da shi suka koyi karatu, wasunsu da furfura a kai. Yau muna da shugabannin matasa masu digiri, Faransanci a bakinsu kamar ruwa, amma in an ba su karatun Hausa ran Lahadi sai su riƙa tuntuɓe, tsofaffin mata na gyara musu. Kuma da Hausa rabin matasanka ke tunani, da ita suke kuka. Ka koyi karanta ta da rubuta ta yadda ya kamata, har da ƙ da ɗ da ɓ. Sannan ka karanta littafi guda daga farko zuwa ƙarshe, ka san wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me ya sa. Mai tsintar aya ɗaya-ɗaya daga saƙonnin WhatsApp, duk wanda ya zo da murya mai ƙarfi da alkawarin arziki zai tafi da shi, ya tafi da yaransa. Ku haɗu ku uku ko huɗu daga majami'u maƙwabta, sau ɗaya a wata, ku karanta abu ɗaya ku yi gardama a kai. In littafi guda gare ku, ya zagaya.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Kaye ɗaya, shafin shiga da shafin fita, kwanan wata, sa hannun mutum biyu, a karanta wa kowa duk wata uku. Wanda bai iya ba ya je wurin ma'ajiyar zumuntar mata, su sun daɗe da ƙwarewa. Jika goma da ba a san inda ta shiga ba ta isa ta watsa zumuntar da aka yi shekara biyar ana ginawa, ko da ba wanda ya ci ko dala.

Yanzu ga wurin da nake so ku buɗe kunne, don nan ne rai ke ciki. Dole shugaba ya san iyakar saninsa. Kai ba likita ba ne, ba alƙali ba ne. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin masu sa maye da kama jiki. In an sha da yawa yana sa mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Yaro ya faɗi haka a tsakiyar taro, sai a kewaye shi ana tsawata wa aljanu, wani na danne shi, wani na neman cusa masa cokali a baki. A'a. A janye abin da zai ji masa rauni, kada a sa masa komai a baki, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe, a nemi abin hawa zuwa asibiti. Addu'a kuwa a yi ta a hanya, ba wanda ya hana. Kuma wanda jikinsa ya saba da ƙwayar, in ya bari dare ɗaya zai sha wuya ƙwarai, zufa, ciwon jiki, rashin barci, shi ya sa alkawarin da ya yi da hawaye ran Lahadi yake karyewa ran Talata. In ba ka san wannan ba, sai ka ce masa munafuki, ka kore shi daidai lokacin da ya fi buƙatarka. Haka wanda ya ce maka ya gaji da rayuwa: kada ka ce masa ya ƙara bangaskiya ka juya. Ka zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai, ka nemo babba da ma'aikacin lafiya a ranar. Ikilisiyar ƙasar nan ba baƙuwar wannan tunani ba ce: asibitin Galmi yana aiki tun 1950, a can ana addu'a ana kuma fiɗa. Ku gayyato ma'aikacin jinya ko unguwarzoma daga cikin membobinku su koya muku abubuwan nan. Lambar wayarsu ta zauna a wayarka.

Sai sirri. Abin da yaro ya gaya maka amana ce, ba kayan misali a wa'azi ba, ba kuma abin da za ka kai taron addu'a da sunan "mu tuna da wance" ba. Amma akwai inda riƙe sirri ke zama laifi: in rai na cikin haɗari, ko ana lalata da ƙaramar yarinya ko yaro. Nan ba a rufewa don kare sunan majami'a, ko da mai laifin dattijo ne, ko shi ya sayo sonon. Akwai sashen ƴan sanda mai kula da yara, akwai alƙalin yara, akwai ma'aikatan kare yara. Ka san ofishinsu tun kafin ranar ta zo. Kai ma ka kare kanka ka kare su: namiji ba ya keɓewa da yarinya a ɗaki da sunan shawara, ba ya hira da ita a waya tsakar dare. Kowace zumunta ta kasance da shugabar mata mai cikakken iko, wadda ake horarwa daidai da namijin. Na lura in an ce a turo mutum biyu horo, maza biyu ake turowa, ƴanmata kuma su ne suka fi yawa a benci. Iyayenmu dattawa, wannan taku ce.

Akwai kuma ilimin zama da maƙwabta. Ba wanda ya manta ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, lokacin da fushin zanen jaridar nan ta Faransa ya faɗa kan majami'u. An ƙona gommai, mutum goma suka rasa ransu. A watan Yunin 2019 ma an ƙona wata a Maraɗi. Yawancin waɗanda suka riƙe ashana matasa ne. Amma akwai Musulmin da suka buɗe ƙofa suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a waɗannan ranaku, kuma ba ranar suka fara sanin juna ba. Shugaban matasa ya kamata ya san shugaban fadar da ke bakin layinsu, ya san liman da mai unguwa, ya je ta'aziyya, ya je suna. Ya san lokutan salla don kada ya ƙure sono ana kiran magariba. Abin da Musulmi suka gaskata, ya ji shi daga bakin Musulmi mai sani, kada ya ɗauko daga bidiyon masu zage-zage. Yaranka suna fuskantar tambayoyi kowace rana a aji da fada. Su iya faɗin abin da suka ba da gaskiya gare shi a natse, ba tsoro ba cin mutunci, wannan ma darasi ne, kuma wani ne zai koya musu.

Iyayenmu fastoci, ba zan sauka ban juyo gare ku ba. Muna da makarantar Littafi Mai Tsarki a Agye, muna da ta tauhidi mai zurfi a Yamai, amma tunaninmu shi ne wanda zai zama fasto kaɗai ake turawa karatu. Mai riƙe da matasa fa? A kasafin majami'a akwai siminti, akwai fenti, akwai sabon amfilifaya. Ku nuna mini layin da aka rubuta littattafai da kuɗin motar shugaban matasa. Ko jika biyu a wata aka ware, a shekara an sayi littattafai, an kai mutum biyu su yi mako guda wurin wata zumunta da ta fi tasu tsari su gani da ido. Kuma fasto ya ba shi awa ɗaya a wata, su zauna su biyu, a tambaye shi me ya gagare shi. Yawancin shugabannin nan ba a kiransu ofis sai sun yi laifi.

Ku kuma shugabanni, ku sani kujerar ba ta daɗewa. Wannan zai ci bak ya tafi jami'ar Abdou Moumouni, wancan za a tura shi aiki Diffa, waccan za ta yi aure ta bi miji Tawa. Duk bayan shekara biyu ko uku sai a koma farko, sabon shugaba da tsohon kaye da makullin sono, kamar ba a taɓa koyon komai a wurin ba. Yetro ya ga surukinsa Musa yana zaune daga safe har yamma shi kaɗai yana sauraron ƙarar jama'a, ya gaya masa zai gaji ya kuma gajiyar da mutane, ya zaɓi amintattu ya raba musu aikin. Tun watanka na farko ka ɗauki mutum biyu, mace da namiji, ƙanana da kai. Su bi ka ziyara. Su koyar kana zaune a baya. Su riƙe kayen kuɗi kana dubawa. Ka buɗe wani kaye na biyu inda kake rubuta abin da aka gwada, wanda ya yi da wanda bai yi ba, nawa taron hutun bara ya ci, wa ake kira in yaro ya faɗi, wane gida ne ba a shiga sai an fara gaida kaka. Sirrin mutane kada ya shiga ciki. Ran da za ka tafi, wannan kayen za ka miƙa tare da makullin.

An ɗaga mini hannu cewa lokaci ya yi, kuma an ce akwai tambayoyi. Ƴanmata su fara.